Sarkin Yawa Ma Yana Bukatar Linzami

Kwamitin mujallar makaranta ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan mulkin dimokuraɗiyya, ya kuma ce a yi shi da Hausa domin iyayenmu na ikkilisiya su ma su sami rabonsu, kada ya tsaya ga 'yan aji kaɗai. Mun karɓa da murna, gama kalmar nan ta cika bakin kowa, tun daga tashar mota har ofisoshin sakatariyar jiha da ke nan Gwadangaji. Amma in ka tare mutane a hanya ka tambaye su ma'anarta, yawancinsu za su ce maka zaɓe ne: a jefa ƙuri'a, a ƙirga, wanda ya fi yawa ya hau. Wani ma zai ƙara maka da karin magana, ya ce ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Karin maganar gaskiya ce, ba mu musa ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, mutanen da suka daɗe suna tunani a kan wannan mulki sun ji tsoron sarkin yawa kamar yadda suka ji tsoron sarkin ƙarfi, kuma rabin abin da ake kira dimokuraɗiyya a yau linzami ne da aka sa wa su biyun. Mu da muke 'yan kaɗan a wannan yanki na jihar Kebbi, ba sai an yi mana dogon bayani kafin mu gane dalili ba.

Kalmar daga Helenanci ta fito, daga kalmomi biyu masu nufin jama'a da iko. Birnin Atina, inda Manzo Bulus ya tsaya ya yi wa'azi a Tudun Arasa, shi ne ya fi shahara da gwada wannan tsari, tun wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da wani mai suna Kilistenis ya sake fasalin mulkin garin. Ba su aika wakilai majalisa kamar yadda muke yi ba. Kowane ɗan gari namiji, ɗa ba bawa ba, yana da iko ya je dandali da ƙafarsa, ya yi magana, ya ɗaga hannu. Majalisar mutum 500 da take shirya abin da za a tattauna kuwa, ba zaɓenta ake yi ba, ƙuri'a ake fitarwa, irin wadda manzanni suka yi sa'ad da za su cike gurbin Yahuza. (Wannan ita ce ma'anar ƙuri'a ta asali a Hausa, kafin 'yan siyasa su are ta.) Tunaninsu shi ne, maƙeri da manomi ma sun isa su riƙe aikin gari na shekara guda. Amma kada mu yabe su fiye da kima. Mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi mazauna gari ba sa ciki, waɗannan kuwa su ne mafi yawan mutanen Atina.

Akwai wani labari na wannan dandali da littattafan jarrabawa ba su cika kawowa ba. A shekara ta 427 kafin haihuwar Almasihu, Atina ta murƙushe tawayen birnin Mitilini, wanda jirgin Bulus ya ratsa ƙarnuka daga baya. Taron jama'a ya zauna da zafin rai, ya yanke hukunci a kashe dukan mazan garin, a mai da mata da yara bayi. Aka tura jirgi da umarnin. Da gari ya waye zuciya ta yi sanyi, aka sake kiran taro, aka sake ɗaga hannu, masu cewa a janye suka yi rinjaye da ƙyar. Aka tura jirgi na biyu ya bi sawun na farko, matuƙansa suna tuƙi suna cin abinci, suna barci bi da bi, suka isa an riga an karanta hukuncin farko amma ba a kai ga zartarwa ba. Duk da haka an kashe wajen mutum 1,000 da aka ce su ne kan tawayen. Ku duba da kyau. Mutanen jiya su ne na yau, dandalin bai sake ba, hannuwan ma su ne. Ran gari guda ya rataya ga ƙarfin damtsen matuƙan jirgi, domin babu wata doka ko kotu da take tsaye tsakanin fushin taro da wuyan mutanen Mitilini.

Shekara 28 bayan haka ba a sami jirgi na biyu ba. A 399, kotun jama'a mai alƙalai wajen 500 ta yanke wa Sokratis, tsoho mai shekara 70, hukuncin kisa, wai yana ɓata tunanin samari, ba ya kuma girmama allolin gari. Aikin mutumin nan dai tambaya ce, irin wadda take sa babba ya ji kunya a gaban yara. Almajirinsa Filato, wanda malaman Arabiyya suke kira Aflatun, bai taɓa yarda da mulkin taro ba bayan wannan. Mu Kirista ma ba sai mun je Atina ba. Bilatus ya faɗa da bakinsa bai sami laifi ga Yesu ba, amma ya miƙa shari'ar ga taro, taron kuwa ya zaɓi Barabbas. In yawan murya ne kaɗai ma'auni, to, ran nan an yi dimokuraɗiyya a Urushalima.

Saboda haka mulkin nan yana da tushe na biyu, wanda ya girmi na Atina, wato doka tana bisa mai mulki. A Maimaitawar Shari'a sura 17 an hana sarkin Isra'ila tara dawakai da mata da zinariya, aka kuma umarce shi ya kwafi Shari'a ya riƙa karantawa, don kada ya ɗauki kansa fiye da 'yan'uwansa. Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya nuna yadda abin yake in an zo ga aiki. Sarki Ahab ya ga gonar inabin Nabot kusa da fadarsa a Yezreyel, ya yi tayin kuɗi ko musanya, Nabot ya ce gadon kakanninsa ne, ba na sayarwa ba ne. Me sarki ya yi? Ya koma gida ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Bai tura dogarai ba, gama ya san akwai iyakar da ko sarki ba ya tsallakewa. Yezebel ma da ta karɓi aikin ba ta tura soja ba. Ta bi ta hanyar shari'a: ta rubuta wa dattawan gari, aka kira taro, aka kawo shaidun ƙarya biyu, aka jajjefe Nabot. An yi komai bisa tsari, sai dai tsarin ba shi da gaskiya a ciki, dattawan da ya kamata su ce a'a kuwa suka sunkuyar da kai. Annabi Iliya ne kaɗai ya tari sarki a cikin gonar. Duk manomin shinkafa a fadamar Rima da ya taɓa ganin mai iko yana zagaya gonarsa da ido, ya san abin da Nabot ya ji.

Kada wani ya ce mana wannan magana ta Turawa ce ko ta Kirista kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake nan kusa da mu a Gwandu, ya taɓa barin rundunar jihadi don baƙin cikin ganin son duniya ya shiga abokan tafiyarsa. Ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam wajen 1806, inda ya zayyana abin da ya wajaba a kan shugaba na adalci da shawara. Ba dimokuraɗiyya yake koyarwa ba, kada mu sa masa magana a baki. Amma shi ma bai yarda shugaba ya zama shi ne doka ba. Tun kafin jihadi ma sarkin Kano yana da majalisar da ake kira Tara ta Kano. Ashe maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu gadon a wannan batu, muna iya magana da su a kai ba tare da wani ya ari bakin wani ba.

A Turai an daɗe ana jan igiyar. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa sarkinsu ya amince da takardar Magna Karta, wadda ta hana a kama ɗa ko a ƙwace kayansa sai da hukuncin doka. A 1689 Jon Lok ya koyar cewa an haifi mutane 'yantattu kuma daidai da juna, gwamnati kuwa amana ce da suka ba wasu don a tsare musu rai da 'yanci da dukiya. In mai riƙon amana ya ci ta, masu ita suna da iko su karɓe. (Mutumin nan da kansa ya zuba kuɗi a kamfanin da yake fataucin bayi daga Afirka. Haka Amurka ta yi shelar daidaito a 1776, amma ba ta soke bauta ba sai 1865. Koyarwar ta fi malamanta kyau.) A 1748 Monteskiyu na Faransa ya kawo shawarar da muke aiki da ita har yau: mai yin doka daban, mai zartarwa daban, mai shari'a daban, domin iko ne kaɗai yake iya tare iko. Shi ya sa a Birnin Kebbi akwai gidan gwamnati, akwai majalisar dokoki mai kujeru 24, akwai kuma babbar kotu, ba don an rasa abin da za a yi da kuɗin gini ba. Majalisar da ba ta taɓa ce wa gwamna a'a ba, a ko'ina take, dattawan Yezreyel ne suka sake riga.

In muka tattara duk wannan, za mu ga dimokuraɗiyya tana tsaye a kan abu biyu game da ɗan adam, waɗanda kamar suna karo da juna, amma kowane ɗan makarantar Lahadi ya san su. Na farko, an halicci mutum cikin kamannin Allah, don haka ƙuri'ar mai tallan ƙosai nauyinta ɗaya da ta babban sakatare. Na biyu, mutum mai zunubi ne, don haka ba a ba kowa iko marar iyaka, ko waliyyi ne, ko jam'iyya ce, ko taro ne. Daga na farkon aka sami zaɓe. Daga na biyun aka sami wa'adin shekara 4 sau biyu, da kotu, da jarida, da 'yan hamayya. Wasu dattawanmu sukan tambaya, to, ina Romawa 13, inda aka ce iko daga Allah yake? Haka ne, amma a sura ɗin ma an kira mai mulki ma'aikacin Allah, ma'aikaci kuwa yana da iyakar aikinsa. Bulus da ya rubuta ta shi ne ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce mahukuntan da suka doke shi ba shari'a su zo da kansu su fitar da shi.

A ƙasarmu ƙofar zaɓe a hankali aka buɗe ta. Tsarin mulkin 1922 ya ba da kujeru 4 kacal na zaɓe, 3 a Legas, 1 a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Aminu Kano da abokansa suka riƙa gaya wa talaka cewa shi ma mutum ne a gaban hakimi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a wannan gwagwarmaya, amma a zaɓen 1959 mazan Arewa kaɗai suka jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su shiga zaɓen tarayya ba sai 1979. Ɗalibanmu mata, ku tambayi kakanninku.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Da 'yancin kai ya matso, ƙananan ƙabilu da mabiya addinin da ba shi ne na rinjaye a yankinsu ba suka ce suna tsoro: in Bature ya tafi, wa zai tare sarkin yawa? A 1957 aka kafa Hukumar Wilink ta zagaya ƙasa ta saurari kukansu. A rahotonta na 1958 ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan adam a cikin tsarin mulki, inda rinjayen majalisa na yau da kullum ba zai iya share su ba. Aka yi haka a 1960. Su ne Babi na Huɗu a tsarin mulkin 1999. Wato 'yancin da muke da shi na taruwa ran Lahadi a garin nan ba kyauta ba ce da wani ya yi mana don kirkinsa, wadda zai iya janyewa ran da ransa ya ɓaci.

Shin linzamin yana kamawa? Wani lokaci. A 1993 bai kama ba. Ran 12 ga Yuni aka yi zaɓen da Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, jihar Tofa ɗin, sai soja suka soke shi. Gwamnan farar hula na farko na jiharmu, Abubakar Musa, wanda ya hau a Janairun 1992, bai cika shekara biyu ba aka sauke shi tare da sauran gwamnoni a Nuwamban 1993. Amma a Fabrairun 2012 ya kama. Kotun Ƙoli ta soke zaɓen gwamnan Kebbi na 2011, Saidu Dakingari ya sauka, kakakin majalisa ya riƙe jiha, aka sake zaɓe a ƙarshen Maris, Dakingari ya sake ci ya koma. Wani zai ce to me aka yi, tun da mutumin ya dawo? An yi abu babba. Mutum mai 'yan sanda a ƙofarsa ya tashi daga kujera saboda takardar da alƙalai marasa bindiga suka sa wa hannu.

Mutanen Argungu za su gane wannan fiye da kowa. Tun da Birnin Kebbi ya faɗi a 1805, Kabawa da daular Sakkwato suka yi ta gwabzawa kusan ƙarni guda. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, daga nan bikin ya zama abin da duniya ta sani. Ku lura da yadda ake yi a Matan Fada. Dubban masunta suna tsaye a gaɓa da homa da gora, ba mai shiga sai an ba da alama, lokacin a ƙayyade yake, sikeli ne kuma yake faɗin wanda ya ci, ba yawan magoya baya ba. Wanda bai samu ba ya koma gida da ransa da homarsa, yana jiran wani bikin. A 2008 aka gano kifin da ya zo na ɗaya ya riga ya mutu kafin a fara, aka ƙwace kyautar. Da a ce an bar ta a hannunsa, wane masunci ne zai sake yarda da sikelin? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, wajen miliyan 25 ne kawai suka fito. Sauran, a ganinmu, da yawansu sun daina yarda da sikeli ne. Wasu daga cikin waɗanda sukan fito kuma, a kowane zaɓe, cinikin Isuwa suke yi, su ba da gadonsu don taliya da sabulu da turmin atamfa.

Inda linzami ya tsinke gaba ɗaya kuwa, mun ga abin da yake biyo baya. A Mayun 2022 taro ya kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin saɓo, ba alƙali, ba shaida. A Maris na 2025 wani taron a Uromi ta jihar Edo ya kashe mafarauta 16 'yan Arewa da suke kan hanyarsu ta zuwa gida, bisa zargin su masu satar mutane ne, nan ma ba alƙali, ba shaida. Wanda ya yi kuka da ɗaya ya yi shiru da ɗaya, ba doka yake so ba, yana dai jiran ranar da nasa taron zai fi yawa ne.

To, ga inda maganar ta dawo gida. A garin nan mu 'yan kaɗan ne, amma da zarar an shigo ƙofar makaranta ko ta ikkilisiya, mu ne sarkin yawa. Sashe na 38 na tsarin mulki, wanda muke dogara da shi, shi ne kuma ya ce ba a tilasta wa ɗalibi koyarwa ko ibadar addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya ɗaure wasu saboda 'ya'yanmu, ya ɗaure mu saboda 'ya'yan wasu. Haka shugaban ɗalibai da aka zaɓa da ƙuri'a mai yawa: yawan bai ba shi iko ya hori ɗan aji ɗaya ba tare da ya ji ta bakinsa ba, balle ya aike shi wanki. Haka zaɓen dattawa a ikkilisiya mai ƙabilu da yawa irin namu, inda mutumin Zuru da na Yawuri da Bahaushe da Ibo da Bayerabe suke zaune a benci ɗaya. Ƙabilar da ta fi yawa tana iya kwashe kujeru duka, ƙirga kuma ta fito daidai, ba wanda ya yi maguɗi. Amma sauran za su fara zama a baya, daga nan su daina zuwa taron shawara, wata rana a ji sun kama hayar aji a wata unguwa suna sujada su kaɗai.

Ikkilisiyar farko ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba, ba su kuma naɗa 'yan'uwansu ba. Suka kira taron almajirai duka, suka ce su zaɓi mutum 7 da aka shaida halinsu. Ku karanta sunayen waɗanda aka zaɓa, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya: dukansu sunayen Helenanci ne. Masana da yawa suna ganin taron ya ɗauki mabuɗin rumbu ne ya miƙa wa ɓangaren da ya kawo ƙara. Muna roƙon kwamitocinmu na makaranta da na ikkilisiya su sake karanta wannan sura kafin zaɓe mai zuwa.

Ku 'yan ajin ƙarshe masu fita bana, da yawanku kun cika shekara 18 ko kuna dab da cikawa. Ku je ku yi rajista ku karɓi katin zaɓe, kada ku bari wani ya riƙe muku shi. Ku kuma nemi tsarin mulkin 1999 ku karanta Babi na Huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46. Bai kai tsawon Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ba. Sashe na 36 ya yi magana a kan a ji ta bakin mutum kafin a hukunta shi, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi, na 46 kuwa ya faɗi ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an taka ɗaya daga cikinsu, wato babbar kotu a jihar da abin ya faru.